Labaran da Suka Koyi Jiran Mushe Ilu

Shekaranjiya wasu samari uku suna zaune a bencin ƙofar kantina a Magaria, suna jiran wayoyinsu su cika caji, sai na ji ɗayansu yana cewa haɗa labarai da ordinatar gidan rediyo, wato kwamfuta in ji ƴan'uwanmu na Najeriya, ba wani aiki ba ne. Wai ka sa layi, ka buɗe manhaja, ka rubuta adireshi, cikin minti goma ka wanke hannunka. Ban tanka masa ba, don akwai mai sayen fitila a gabana. Ga amsar nan na rubuta, shi da ire-irensa su karanta idan sun ɗaga kai daga waya.

Sunana Habu. A kasuwa Habu Batir ake ce mini, kuma ko da na je Makka na dawo sunan bai sake ni ba. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, mai nisa ba. Abin da na sani na wannan sana'a, a ƙarƙashin rumfar zana na fara koyonsa, wurin Malam Issufu mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa.

Rediyon farko da na kwance da hannuna wata mai rigar fata ce, ta wani Bafillace daga wajen Bande. Ya ce tana magana sai ta yi shiru, ta sake magana, ta sake yin shiru. Malam Issufu ya tafi gaisuwar mutuwa, ni kaɗai ne a rumfa, sai na ga dama ta samu. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: turnabis biyu na kwance ƙusa, awartaki, tsohon buroshin haƙori na share ƙura, gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi, da ƙwan tocila mai waya biyu na gwada batir. Sai ƙarfen dalma, wanda ake turawa cikin garwashi har ya yi zafi, don babu wutar lantarki a kasuwa. Na baje rediyon nan a kan tabarma tun hantsi har azahar. Ban ga komai ba. A hannuna lafiya lau take waƙa.

Da Malam ya dawo bai ko dubi abin da na baje ba. Bafillacen ya duba.

"Ina kake ajiye ta, Jauro?"

"A wuyan jaki nake rataye ta in muna tafiya."

"In kun sauka fa, tana yin shiru?"

"A'a. Sai dai in ana tafiya."

Malam ya ɗauki awartaki ya ja ɗan ƙarfen da ke danne batir, ya ƙara masa ƙarfi. Aikin ke nan. Sannan ya sa ni na mayar da duk abin da na kwance, Bafillace yana zaune yana kallona yana taunar goro. Da ya tafi Malam ya ce da ni, kafin in kwance ƙusa ko ɗaya, in tambayi mai kaya yaushe yake kunnawa, ina yake ajiyewa, su wa ke saurare tare da shi. Na riƙe maganar nan fiye da shekara talatin. Rana ɗaya na manta da ita, kuma labarin ranar ne zan ba ku.

Bayan na bar rumfar Malam na koma fatauci. Ina sarin rediyo da batir da kaset a Kano, in bi kasuwanni da su: Bande, Sassumbrum, Mallawa, Dungass. Da farko a keke, daga baya a moto, wato babur. Na san wanda ke son rediyo mai ƙara don ya burge maƙwabta, na san tsohuwar da ke son wadda ba ta cin batir. Da aka fara buɗe gidajen rediyo na karkara sai cinikina ya juya. Masu mikro, masu pano na hasken rana, masu neman wayar anten, duk ni suke nema, saboda in na sayar da abu ina zuwa in ɗaura shi da kaina, in ya lalace kuma an san inda kantina yake.

Gidan rediyon da nake magana yana wani gari gabas da Dungass, ba nisa da iyaka. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanensa abokan cinikina ne har gobe. Ɗaki biyu ne da farfajiya mai itacen dogon yaro. An liƙa wa bangon situdiyo kwalayen ƙwai don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Mai karanta labarai wani dattijo ne, Mushe Ilu, wanda ya koyar a lakwal har ya ajiye alli; Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu. Rabin manyan garin sun sha bulalarsa. Shi ne ya fara ce wa komite su ba ni aikin kayan gidan, wai Habu ba ya sayar da jabu. Daga wannan maganar tasa na samu shiga sauran gidajen.

A bangon situdiyo, daidai kafaɗar Mushe in yana zaune, akwai wata doguwar ƙusa. Duk mai sanarwa zai kawo takardarsa a soka ta a nan. Wanda bai iya rubutu ba, a rubuta masa. Da yamma Mushe zai zare su ya jera: ta rasuwa a sama, sai ɓatan saniya ko akuya, sai suna da ɗaurin aure, sai kiran taro. In ya gama da ƙusa sai ya buɗe kayensa, wani littafin rubutu mai shuɗin bango, ya karanta labaran ƙasa da na duniya. Da rana yake saurarensu da Faransanci a wata tsohuwar rediyonsa da ya ɗaura wa waya har saman dogon yaro, ya rubuta da bik, ya juya su zuwa Hausarmu. In an faɗi farashin hatsi da kilo, shi da tiya zai faɗa. In an ambaci wata ƙasa mai nisa, zai ce tana bayan Makka ko kafin Makka, don mutane su san inda za su ajiye ta.

Babu agogo a bangon situdiyon. Ka tambayi kowa a ƙauyukan nan yaushe ake labarai, zai ce maka bayan magariba. Mushe zai yi salla a masallacin tsallaken titi, ya yi nafilarsa, ya tako a hankali, ya cire takalmi a ƙofa, ya kurɓi ruwa, ya yi gyaran murya. Wannan gyaran muryar ita ce agogon ƙasar.

Aikin ya zo ne a farkon sanyi. Wata hukumar rarraba labarai a Yamai ta ce za ta riƙa aiko wa gidajen rediyo na karkara labarai kullum ta intanet, da rubutu da kuma murya, an riga an karanta da Hausa, sai dai a saki kawai. Shugabar gidan, Hajiya Zuwaira, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, mace mai son komai ya tafi a kan tsari. Ta kira ni in haɗa saƙon Yamai da manhajar da ke cikin ordinatarsu. A gabana komite ya yanke shawara: za a gwada wata uku. In abin ya yi, Mushe zai huta, tunda labarai za su zo da fassararsu, sanarwa kuwa kowa zai iya karantawa.

Da aka watse Mushe ya same ni ina kwance kwali.

"Habu, kai ne za ka sa injin da zai tashe ni?"

"Mushe, aiki aka ba ni."

"Na sani. To ka sa shi da kyau. Kada a ce da aikin banza aka tashe ni."

Kwana uku na yi, kuma ga minti gomanku. Ranar farko rezo, wato sabis na waya, ne ya sha mini kai. A garin nan rezon Najeriya ya fi namu ƙarfi, sai ɗan akwatin intanet ya riƙa tsallakewa can, layi ya katse. Na yanka jarkar roba na sa shi ciki saboda ruwa da rana, na hau ƙarfen anten na ɗaure shi yana fuskantar arewa, sannan na kulle shi a kan rezonmu. Hawa huɗu na yi kafin ya zauna, ga ni ba yaro ba.

Rana ta biyu saƙo ya fara sauka, amma manhaja ta ƙi ganinsa. Ita akwai irin sunan da ta sani, in fayil bai zo da shi ba ko kallonsa ba ta yi, su kuma na Yamai da nasu salon suna suke aikowa. Wannan ya fi ƙarfina, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Akwai wata injiniya a Damagaram, Madam Hadiza, da nake kira in abu ya cije. Tana faɗa ta waya ina dannawa, har muka sa wani ɗan tsari da ke sauya wa kowane saƙo suna yana sauka, ya jefa shi cikin jakar da manhaja ke dubawa. Da rubutun ya fito kuma, duk haruffanmu masu lanƙwasa sun zama ƴan akwatuna. Wannan ma ya ci mana rabin yini.

Rana ta uku na gano agogon ordinatar ba ya riƙe lokaci. In aka kashe ta aka kunna sai ta koma wata tsohuwar shekara. Ɗan batir ne mai kama da maɓallin riga a cikinta ya mutu, na canja shi. Da magariba ta wuce komai ya tsaya daidai, saura gurbi ɗaya: manhaja tana tambaya ƙarfe nawa za ta saki labarai. Na leƙa situdiyo. Mushe ya gama da ƙusa ke nan, yana buɗe kaye. Na duba agogon hannuna, shida da rabi. Na rubuta shida da rabi. A ƙasa akwai wani ɗan gurbi da ke cewa in lokaci ya yi, inji ya yanke duk abin da ke kan iska ya saki nasa. Na yi masa alama. Ban tambayi Mushe ba, ban tambayi Hajiya ba, ban tambayi mai saurare ko ɗaya ba. Na tattara turnabis ɗina na koma Magaria ina jin na yi aiki mai tsabta.

Abin da ya biyo baya, daga baya aka ba ni labari. Makonnin farko lafiya. Mushe ya gama ƙusa, kiɗan buɗe labaran Yamai ya shigo, kamar an auna. Amma yini yana ƙara tsawo, magariba tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, inji kuwa yana nan a shida da rabinsa. Lokacin Mushe ya yi ta raguwa. Ya daina kurɓar ruwa. Ya fara karatu da sauri. Ya bar nafila. Ya mayar da sanarwar awaki da ta suna zuwa bayan labarai, don ta rasuwa ta samu wuri. Har aka fara ganin dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yana tsallaka titi da sassarfa, takalmi a hannu. Bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya san ana gwada shi da inji, in ya yi magana za a ce kujerarsa yake karewa.

Wata Alhamis liman ya ɗan ja karatu. Mushe ya shigo saura ƙiris, ya zare takardar sama. A al'adar sanarwar rasuwa a wajenmu, sunan wanda ya aiko ake fara faɗi, da danginsa, kafin a zo ga mamaci. Mushe ya ce: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Maman Tela na unguwar kasuwa..." Sai kiɗan Yamai ya danne shi.

Alhaji Maman yana nan da ransa. Yayarsa ce, Hajiya Abu, ta rasu a ƙauyen mijinta can wajen Mallawa, za a yi jana'iza da safe. Shi ya aiko da takardar ya wuce can da iyalinsa, inda babu rezo ko na magani. Bayan labarai Mushe ya karanta sanarwar gaba ɗaya har sau uku. Babu wanda ya ji. Masu waya kuwa sun riga sun yaɗa cewa Tela ya cika.

Ranar Juma'a da hantsi na shigo garin da pano biyu a bayan moto, na tarar unguwar kasuwa ba hanyar wucewa. Amalanke, motoci masu ƙafa biyu, har da wata mota mai lambar Najeriya. Maƙwabta sun gaji da bayani. Duk wanda ya iso a gaya masa gaskiya, ya riƙe baki. Wasu sun juya da gudu zuwa ƙauyen, amma sun tarar an riga an rufe Hajiya Abu. Ina nan tsaye sai ga Alhaji Maman ya dawo, ƙura har gira. Wani taubashinsa da ya taso tun asuba daga tsallaken iyaka ya tare shi.

"Kai dai ba ka taɓa cika alkawari ba. Ɗinkin salla ka ce gobe, ka ce jibi. Yanzu mutuwar ma ka ɗaga? Wa zai mayar mini da man motata?"

Aka yi dariya, har shi Alhajin ya murmusa. Sannan ya dubi taron nan, ya ce: "Ku duba yawanku. Matar da ta goya ni, sahu biyu ne suka yi mata salla." Dariya ta ɗauke.

Bayan an sauko daga Juma'a komite ya zauna a gindin dogon yaro. Hajiya Zuwaira ba ta ɓoye ba. Ta ce tsufa ya kama Mushe, karatunsa ya yi nauyi, ba ya iya gamawa kafin labarai, don haka ba sai an jira wata uku sun cika ba. Shugaban komite yana gyaɗa kai. Mushe yana zaune a gefe yana kallon takalminsa.

Ni kuwa a lokacin akwai gidajen rediyo biyu da ke jiran in yi musu irin wannan aikin. In na yi shiru babu wanda zai san komai, don babu wanda ya ga abin da na rubuta a gurbin nan sai ni. Na yi gyaran murya.

"Hajiya, ba Mushe ba ne. Ni ne."

"Kai kuma da me, Alhaji Habu? Injinka bai taɓa kuskure ko minti ɗaya ba."

"Shi ne laifin. Ranar da na sa shi, ƙarfe shida ake kiran magariba. Jiya ƙarfe nawa aka kira?"

Aka dubi juna. Ladan yana cikin komite, ya ce an kusa kai shida da kwata.

"Nan da wata ɗaya ana cikin sahu zai saki kiɗa," na ce. "Da damina kuwa tun kafin a yi alwala zai gama."

"Amma Alhaji, agogo ai agogo ne. Ko'ina da shi ake aiki."

"A asibiti haka ne, Hajiya. A garin nan ladan ne agogo, ga shi nan zaune. Ni ya kamata in tambaya, ban tambaya ba."

Na roƙe su abu ɗaya: kada a yanke hukunci sai Hajiya ta zauna tare da ni wurin mai shayi na bakin tasha idan an idar da salla. Ta ce ita ba ta zaman teburin shayi. Na ce a kawo mata kujera a gefe. Haka aka yi. Rediyo huɗu ne a wurin, ta mai shayi da ta wasu mutum uku. Mushe ya karanta abin da ya samu ya karanta. Kiɗan Yamai yana shigowa, sai ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Duk huɗun aka kashe.

Hajiya ta miƙe tsaye. "Malam, me ya sa ka kashe? Yanzu fa za a fara labarai."

"Hajiya, batir ba a rijiya ake ɗebo shi ba," in ji mai shayi. "In Mushe ya gama ai an gama. Waɗancan Hausarsu mai kyau ce, ban ce ba. Amma mutum yana gaya mini kilo, ni da ban taɓa ganin kilon hatsi a kasuwar nan ba."

"Tun yaushe kuke kashewa?"

"Tun ranar da aka fara."

Muka taso ni da Hajiya muka koma. A ƙofar gidan rediyon ta ce mini: "Gyara abinka."

Cire alamar nan daga gurbi aikin minti ɗaya ne. Daga nan labarai za su sauka su zauna, sai an ce su tafi. Matsalar ita ce wa zai ce. Mushe ba ya taɓa linzamin ordinata. Hannunsa yana ɗan rawa, kibiyar ta yi ta yawo, ya ce abin wasan yara ne. Na kwana da tunanin, da safe na je wurin bakanike na sayi maɓallin oda na moto, baƙi, mai taurin dannawa. Na ɗauko wani tsohon allon rubutu na ordinata na buɗe shi, na bi layin harafin da ke sakin sauti har zuwa ɗan koren allon da ke ciki. Ƙarfen dalmana na wuta ya ƙi yin zafi da batirin gidan. A ƙasan jakata akwai tsohon ƙarfen Malam Issufu, wanda ya bar mini. Na ari garwashi wurin mai shayi, na liƙa waya biyu sirara, na ja su ta ƙarƙashin tebur, na ɗaure maɓallin da ƙusoshi biyu daidai ƙarƙashin ƙusar sanarwa.

"Mushe, in ka gama, danna wannan."

Ya sa yatsa ya danna. Kiɗa ya tashi. Ya sake dannawa, kiɗa ya tsaya. Ya yi haka sau uku, fuskarsa a murtuke kamar mai duba jarrabawa.

"In ban danna ba fa?"

"Su jira."

"Mutanen Yamai su jira ni?"

"Har ka sha ruwa."

Rubutun kuma Madam Hadiza ta taimake ni muka ƙara masa girma a allo, yadda Mushe zai karanta tun la'asar ya san abin da ke ciki. Na Yamai ba su so ba. Wani ya kira ni yana cewa ƙa'idarsu duk gidaje su saki a lokaci ɗaya. Na ce masa ba mu ƙi ba, su aiko da wanda zai tsayar mana da rana. Ya yi dariya. A ƙarshe suka yarda da rahoton da inji ke mayar musu kullum cewa an saki.

Abin da Mushe ya yi da maɓallin nan, ban koya masa ba. Kafin ya danna sai ya ce: "Jama'a, kada a kashe. Akwai maganar taki a ciki, ita ce ta uku. Kilo hamsin ɗin da za ku ji, buhu guda ke nan." In an gama ya dawo ya warware abin da ya ɗaure. A hankali mutane suka daina kashewa. Ya kuma juya tsarin sanarwar rasuwa: sunan mamaci da garin jana'iza tukuna, sannan masu aikowa. Wasu manya sun yi gunaguni don an mayar da sunansu baya, bai kula su ba.

Ni da shi muka je muka ba Alhaji Maman haƙuri. Ya karɓa, ya ce ranar da ya mutu da gaske Mushe ya faɗa sau biyu, don kada mutane su ce sun san wannan wasan. Ɗaya daga cikin gidajen rediyo biyun nan ya ji labari ya ba wani aikin. Ɗayan ya jira ni. Wata uku suka cika, suka wuce, babu wanda ya tayar da maganar hutun Mushe a komite. Sai dai wata rana na zo na tarar Hajiya ta sa kafinta ya gyara ƙafar kujerarsa da ta daɗe tana rawa.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Kaya ba sa shigowa daga Kano, kantina ya koma fitila da batir kawai. Da damina tsawa ta faɗa wa anten ɗin garin, ta ƙone akwatin intanet har jarkar ta narke. Na nema a Damagaram babu, na aika Yamai shiru. Wata biyu babu saƙo ko ɗaya. Gidajen da suka sallami masu karatunsu suka koma sakin waƙa daga safe har dare. A garin nan kuwa Mushe ya kakkaɓe tsohuwar rediyonsa, aka mayar masa da wayar saman dogon yaro, ya sayi sabon kaye. Ko yini ɗaya ba a rasa labarai ba. Da na samo akwati na hau na ɗaura, yana ƙasa yana riƙe mini tsani yana cewa in sauka a hankali, babu mai gaggawa.

Tun daga nan na haɗa wa gidaje da dama irin wannan tsari, a ƙasar Magaria da ta Dungass. Kayan yanzu sun fi sauƙi, gaskiyar samarin nan ke nan. Amma har yau ba na buɗe jaka a ranar farko. Wurin mai shayi nake zama in ga yaushe ake kunnawa, yaushe ake kashewa. Kuma kowane tebur da na yi wa aiki, za ka tarar da maɓallin oda a kansa.

Mushe ya yi karatu har idonsa ya gaza. Ya koya wa wata ɗalibarsa ta dā, ita ke karantawa, shi yana zaune a gefenta, nasa dannawa. Daminar bara waccan ya rasu. Na je jana'iza, kuma sahun ranar har ya fita titi. Da aka idar da magariba na zauna wurin mai shayi. Hajiya Zuwaira da kanta ta zauna a mikro. Ta fara da sunansa, kamar yadda ya tsara. Sannan ta shiga takardun masu gaisuwa: ɗalibansa na Magaria, na Dungass, na Damagaram, waɗanda ke Kano, matan kasuwa, masu amalanke, Alhaji Maman Tela da iyalinsa. An ce ƙusar ba ta ɗauke su ba, sai da aka zuba sauran a faifai. Labaran Yamai sun sauka tun la'asar, suna zaune a cikin inji. Aka kira isha tana karantawa, ta dakata aka yi salla, ta dawo ta ci gaba. Mai shayi ya canja wa rediyonsa batir a tsakiyar karatun, da sauri, don kada ya rasa suna ko ɗaya.

Da ta kai takarda ta ƙarshe ta yi masa addu'a, muka shafa. Sai muka ji ƙarar maɓallin nan ta cikin mikro, ƙas, sannan kiɗan Yamai ya shigo.